Tukunya a Gadon Kaka Yadwiga

Ranar da Halina ta fara ganin Ladislau, a tsaye yake bisa kujera a zauren cocin unguwarsu ta jikokin baƙi 'yan Poland a birnin Curitiba, yana rantse-rantse wai duk jihar Parana babu wanda ya kai shi zama ɗan Poland. Bai kai aya ba kujerar ta karye. Ya miƙe yana kakkaɓe wando, ya ce ai dama sauka zai yi. Kowa ya yi dariya ban da Halina. Ita kam, in gaya maka gaskiya, a nan zuciyarta ta tafi, ba ta kuma faɗa wa kowa ba.

To me gogan ya gada na Poland? Sunan kakansa ne kawai, sai gashin baki da yake murzawa kamar wanda ya dawo daga yaƙi. Duk sanda ya yi wa Halina zancen aure, sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Sai abin da Kaka ta ce." Kaka Yadwiga kuwa, wadda ta rene ta, ba ta taɓa kiransa da sunansa ba. Zakara take ce masa.

Wata Lahadi ya zo gaisuwa, ya tarar da tsohuwa tana mita. Ranar Asabar ake bikinta na shekara-shekara, ranar waliyyiyar da ta ci sunanta, ga shi rabonta da kasha ta kirki tun tana ƙauye. Ka dai san kasha, hatsin nan mai kusurwa uku da ake surfewa a gasa, a dafa shi warwar a ci da soyayyar albasa.

Ladislau ya bugi ƙirji. "Kasha? Kaka, ai da ita aka yaye ni! Ido rufe nake dafa ta. Ki bar min komai."

Kaka ta dube shi ta saman tabarau. "Zakara, in kasharka ta wuce maƙogwarona, ka zo mu yi maganar Halina. In ba ta wuce ba, kada in sake jin cararka a ƙofata."

Da Halina ta rako shi, ta ce a hankali, "Akwai wata mata a kasuwar—"

"Ni za a nuna wa hanya? Haba Halina! Hancina kaɗai ya isa."

An ce matambayi ba ya ɓata, amma gogan naka bai san wannan karin maganar ba.

Sauran labarin a bakin 'yan unguwa Halina ta riƙa jinsa, don kullum sai an kawo mata sabo. Ya fara da babban kanti, yaron kanti ya miƙo masa ɓarzajjen alkama. Ya tsaya yi wa yaron lacca a kan tarihin Poland har mai gadi ya rako shi waje. Ya je shagon da ake sayar da kifin gwangwani da kokwamba mai tsami, mai shagon ta ce ta ƙare, sai mako mai zuwa. Ya ce ƙarya ne, ɓoye wa 'yan'uwanta ta yi, ya leƙa bayan kanta, ta bi shi da tsintsiya.

Sai dabara ta zo masa. Ya shiga gidan abincin 'yan Poland da ke bayan tashar bas, ya raɗa wa matar da ke da gidan abincin cewa tukunya guda ta dafaffiyar kasha yake so ranar Asabar, amma a rufa masa asiri.

Matar ta goge hannu. "Ta bikin wa?"

"Wata tsohuwa ce mai tsinin baki. Ba ki san ta ba."

"Yadwiga? Benci ɗaya muke zama a coci, ɗan nema! Fice min kafin in kira ta!"

Ranar Asabar da hantsi sai ga shi ya shigo da buhu a kafaɗa yana huci kamar wanda ya kashe zaki. Halina ta ɗebo a hannu. Hatsin baƙi ƙirin, yana sheƙi, ga tauri kamar tsakuwa.

"Ladislau, wannan ai da ɓawonsa. A ina ka samo?"

"Ɓawo? Gashi ne ya ji! Irin na sarakuna ke nan. Kuma da arha, a wani shago kusa da masu sayar da keji."

Halina ta gane abincin tsuntsaye ya sayo. Ta buɗe baki, ya tura ta waje ya rufe kicin, wai gwani ba ya aiki ana kallonsa. Ta tsaya jikin ƙofa tana jin tafasar ruwa da waƙarsa. Tausayi ya kama ta, ta ɗaga murya ta ce, "In ta tsotse ruwa, a naɗe tukunyar a jarida a sa ƙarƙashin bargo ta turara. Haka Kaka ke yi."

"Wa bai san wannan ba?" in ji shi.

Bai sani ba. Ya ji zancen bargo, bai ji na tsotse ruwa ba. Hatsi mai ɓawo kuwa ko za a kwana ana dafa shi ba ya shan ruwa. Ya sunkuci tukunya cike taf, ya lallaɓa ɗakin Kaka, ya cusa ta ƙarƙashin bargon gashin agwagwa da uwar tsohuwar ta zo da shi daga Poland a jirgin ruwa. Ya fito yana murza gashin baki, yana gaya wa baƙin da suka fara hallara su sassauta ɗamara.

Kaka ta gaji da karɓar gaisuwa, ta ce bari ta ɗan miƙe bayanta. Jim kaɗan aka ji ƙara.

"Yesu, Maryamu! Wa ya kashe ni?"

Aka ruga. Ga tsohuwa tsaye, siket sharkaf, baƙin ruwa na bin ƙafafunta, tukunya a kife tsakiyar gado, bargon gado ya koma kamar jiƙaƙƙiyar kaza.

"Ba komai, Kaka, yanzu zan gyara!" Ladislau ya tattare bargon da hatsin da komai, ya yi tsakar gida da gudu, ya kakkaɓe. Ɗinkin bargo ya ɓarke. Gashin agwagwa ya turnuƙe gidan, ya manne masa tun daga gashin baki har takalmi. Ya ja da baya, ya yi tuntuɓe da buhun da ya jingine, sauran hatsin ya watse ko'ina.

Tantabara ɗaya ta sauko. Ta ɗanɗana, ta kira 'yan'uwa. Kafin ka ce kwabo, duk tantabarun Curitiba sun halarta, wasu a kafaɗarsa, ɗaya a tsakar kansa, suna ci suna guɗa.

Kaka ta fito dogare da sanda, ta daɗe tana kallo. Sannan ta juya ga baƙi.

"Ku ba su wuri. Dangin ango ne suka zo neman aure."

Gida ya kaure da dariya, har Fada, limamin cocinsu, sai da ya riƙe bango. Ladislau ya buɗe baki zai ce wani abu, gashin agwagwa ya shige. Ya tofar, ya juya zai fita, kai a ƙasa.

"Tsaya," in ji Halina. Muryarta ta fito da ƙarfin da ita kanta ba ta san tana da shi ba.

Kaka ta ce, "Ke yarinya, kasharsa ba ta wuce maƙogwarona ba. Ta bayana ta bi."

"Na gani, Kaka. Bargon ni zan ɗinke, kashar ni zan dafa." Ta ratsa tantabaru, ta kama hannunsa mai gashi-gashi. "Ladislau, a gaban kowa na yi alkawari zan aure ka. In aka bar ka kai kaɗai, yunwa ce za ta kashe ka, tantabaru su ci gadonka."