Danjar Motata da Takardar Alƙawura

Ranar Talata, kwanana biyu ke nan a layin mai na Gyadi-Gyadi, Allah ya sa layin ya motsa. Na matsa gaba kamar taku biyar, na taka birki, sai na ji ƙum a bayana. Da na fito na tarar da wani ɗan acaɓa zaune a ƙasa yana murza gwiwa, buhun tumatir ɗin da ya ɗauko ya fashe a kan kwalta.

Na buɗe baki zan yi faɗa, ya riga ni, kuma cikin ladabi.

"Baba, sunana Ɗanladi, shekarata shida a kan babur ban taɓa dukan motar kowa ba. Danjarka ta baya ba ta kawowa. Da yaya zan san ka tsaya?"

Laifi tudu ne. Wata tara ina zagin direbobin Kano, ashe ni ne ke yawo da makauniyar mota. Muka tsince abin da ya tsintu, na ba shi haƙuri, na fice daga layin ina ji ina gani wata tasi ta shige gurbina.

A gida, can Tarauni, uwargida Saratu ta yanke hukunci ba tare da zama na biyu ba.

"Malam, ɗana ko ɗaya ba zai sake shiga motar nan ba sai ta kawo ja. Yau tumatir ne, gobe fa?"

To, danjar birki ba a duba ta mutum ɗaya. Na zauna ina takawa, ita tana baya tana kallo.

"Ta kawo?"

"Ba ta kawo ba."

Na kwance ƙwayayen fitilar na ɗaga su a rana, zarensu lafiya lau, ga shi dama da wuya biyu su mutu tare. Na buɗe akwatin fiyus na zare na birki, shi ma bai ƙone ba. Na kankare tsatsar da ke gindin ƙwan, na sake takawa. Shiru.

Maƙwabcina Malam Kabo, wanda ya yi shekara talatin yana aikin gwamnati, ya leƙo ta kan katanga.

"Ai garaje kake yi. Yanzu mulkin farar hula muke ciki. Kafa kwamiti za ka yi, ya je ƙasar waje ya ga yadda tasu danjar ke kawowa, ya ba ka rahoto bayan wata shida."

Na ce masa ai man zuwa ƙasar wajen ne ba ni da shi.

Da ɗan abin da ya rage a tanki na lallaɓa Unguwar Gano wajen Inuwa mai wayarin mota. Ya saurari bayanina har ƙarshe, ya ce, "Idan ƙwai lafiya, fiyus lafiya, to makunni za a tuhuma. Yana nan saman abin taka birki, shi ke tura wuta baya." Ya kwanta rigingine ya cusa kai ƙarƙashin sitiyari. Can sai ya fito da wata takarda a nannaɗe, ta yi baƙi.

"Alhaji, wa ya cusa wannan? Ita ta ture wayar makunnin har ta zare."

Na warware ta, kunya ta kama ni. Takardar alƙawura goma sha biyu ce ta Mai Girma Garkuwan Talakawa, wadda aka raba mana lokacin kamfe. Wani ƙarfe ne ke damuna da ƙara a wurin, na ninke ta na toshe. Na ɗaya a jerin, man fetur har ƙofar gida. Na biyu, famfo ba zai ƙara yin tari ba. A gaskiya kada mu zalunci bawan Allah, takardarsa ta yi aiki, don tun da na cusa ta ƙarar nan ta daina. Ban san wani abu nasa da ya kai ta amfani ba.

Inuwa ya mayar da wayar, na taka, ya ɗaga mini hannu daga baya. Ja wur, har biyu.

Muna tsaye bakin titi sai ga jiniya. Jerin motocin wani Mai Girma ne, sababbi dal guda bakwai, ɗaya ba kowa a cikinta sai direba. Mai lemo ya ja tirensa, masu babur suka faɗa kwata. Ni kuwa da sabon ilimina na zuba wa bayansu ido har suka sha kwana, ban ga ja ko ɗaya ba.

Na ce, "Inuwa, ga kasuwa ta same ka, duk bakwai ɗin danjarsu ta mutu."

Ya goge hannu da tsumma. "Lafiyarsu ƙalau, Alhaji. Birkin ne ba sa takawa."