Gemun Pandit Chaube

Duk birnin Banaras na Indiya babu mai ilimin Pandit Girdhari Chaube. Mun tabbata da haka, don shi da kansa ya gaya mana. Babu gaɓar jikin ɗan Adam da bai san kakan sunanta ba, shi ya sa 'yan unguwa suka laƙaba masa Ungozomar Kalmomi. Shi kuwa ya ɗauka sarauta ce.

Ka ce masa hannunka na ciwo, ba za ka samu ko sannu ba. "Wane hannu? Wannan haath da kuke faɗa jikan hasta ne, daga Sanskirit, harshen magabata. Kun guntule masa wutsiya, jahilan banza!" Ranar baikon 'yarsa ma ya nuna tumbin uban ango, ya ce asalin pet, wato ciki, kwando ne, kuma bai taɓa ganin kwandon da ya cika haka ba. Da ƙyar matarsa Kaushalya ta ɗinke ɓarakar da alawar madara.

Ana nan sai matauninsa, haƙorin tauna na can ciki, ya kama ciwo, kunci ya kumbura suntum. Ya nufi bakin kogi wurin Jhabbu wanzami, mai aski da cire haƙori, wanda kunnensa ɗaya ya daɗe da yin murabus.

"Pandit-ji, me za a cire?"

Mai hankali zai buɗe baki ya nuna. Pandit ya buɗe baki ya yi lacca.

"Daarh, matauni ke nan. Daarhi kuma, gemu. Uwa ɗaya uba ɗaya! Jaki ne kaɗai zai bambanta su. Cire min!"

Ya shafa kumburin ta cikin gemunsa, ya jingina, ya runtse ido don tsoron awartaki. Jhabbu dai ba ya so a kira shi jaki. Ya ɗauko aska. Da Pandit ya ji sanyin kumfa a fuska sai ya zaci maganin kashe zafi ne, har ya soma bayanin asalin kalmar kumfa.

Ko da ya buɗe ido, gemun da yake tattali tun yana saurayi na zube a ƙasa, wata akuya na sansana shi.

Ya koma gida, haɓa fes kamar ƙwai. Kaushalya ta ƙare masa kallo.

"Haƙorin fa, maigida?"

"Yana nan," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa.

"To kwantar da hankalinka. Tunda uwarsu ɗaya, in ya ji ɗan'uwansa ya tafi, ai zai bi sawu."