Iska a Cikin Tiyo

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da aka buɗe famfon wani gari a yankin Korgom, kuma ko na so in manta, mutanen garin ba za su bar ni ba. Sunan garin kam ba zan faɗa ba. Sun san kansu, ni ma na san kaina.

Lokacin ban daɗe da kama aiki a kamfanin ruwa ba, injiniyan gine-gine sabo fil, da farar hular kwano wadda ko ƙwarzane babu a jikinta. Wannan ne aiki na farko da aka damƙa mini tun daga tushe. Ni na auna ƙasar garin na gano inda ya fi tudu, aka kafa shato a wurin (wato babban tankin nan da ake ɗorawa bisa dogayen ƙafafun siminti). Ni na lissafa kaurin tiyon da zai ɗauko ruwa daga can zuwa famfon tsakar gari. Ni na tsaya a kan magina har suka fara gaishe ni da ƙyar. In an kwaɓa siminti sai na sa hannu na taɓa, in an haƙa rami sai na shiga na auna zurfinsa. Duk wannan ƙwazo, in gaya muku gaskiya, rabinsa tsoro ne.

Ba rushewar gini nake tsoro ba, wannan na san lissafinsa. Lokacin da nake koyon aiki an taɓa zuwa da ni wani gari a arewacin Mayahi, wajen Issawane, na ga rijiyar burtsatse lafiyarta ƙalau, ruwanta garau, amma ba mai sha. Wai wata rana an ji kamar kuka a cikinta, aka ce mutanen ɓoye ne, shi ke nan. Mata suka koma tabki, awaki suka mayar da wurin wajen kwanciya. Tun daga ranar na san ana iya gama aiki daidai, magana ɗaya ta kashe shi. Ga shi kuma garin nan namu suna cikin matsin ruwa ba na wasa ba. Rijiyarsu sai da jaki ake jan gugarta, in damina ta sauka kuma a koma shan tabki, yara su yi ta zawo. Abin da nake roƙon Allah kullum shi ne ruwan ya zo, kuma su sha.

Ranar bukin ta faɗo cikin bazara, rana tun da hantsi kamar za ta fasa kai. An kafa rumfa, an jera kujeru, manyan baƙi sun zo daga Tasawa, makaɗa na gefe, an ɗaura lasifika a bisa itacen bedi. Mata kuwa sun yi dogon layi da tuluna da jarkoki, a gabansu Inna Habsu, tsohuwar da duk matan garin ke jin maganarta, wadda ta yi ta aiko mini da fura tun da muka fara aiki. Shef ɗina, darektanmu, yana zaune kusa da maigari. Mutum ne mai ƙarancin magana, in ya kalle ka ta saman tabarau sai ka tuna laifin da ko aikata shi ba ka yi ba.

Ni aka ba jawabin bayanin aikin. Na yi shi, na kai ƙarshe ba tare da na faɗi ba. Abin magana yana hannuna har yanzu (ku riƙe wannan) aka ce maigari ya taso. Ya taso, ya gyara rawani, ya yi bismilla, ya murɗa kan famfo.

Ba ruwa.

Sai wani huci, fuuu. Sai famfon ya yi tari, ya yi gurnani, ya kama karkarwa a hannun maigari har ya janye hannunsa. Ko ɗigo bai fito ba.

Nan take na gane abin da ya faru. Kafin buki mun wanke tiyon da magani mun zubar, da safen ranar aka sake cika shi. Ƙa'ida a cika shi sannu a hankali, amma aka ce baƙi sun kamo hanya, muka cika shi da gaggawa. Shi kuma tiyon yana hawa wani tudun yashi a bayan gari kafin ya gangaro, to in aka yi gaggawa iska takan maƙale a ƙololuwar tudun ta hana ruwa wucewa. Mun sa wata 'yar na'ura a wurin don ta riƙa fitar da ita, amma yashi kan toshe ta. Ƙaramin abu ne, gyaransa bai kai a sha shayi ba.

Shef ya kalle ni ta saman tabarau. “Alors?” in ji shi da faransanci, wato “To fa?”

Duk abin da na sani game da tiyo da faransanci na koye shi. Jimlar ta zo mini a kai cikakkiya da faransanci, ni kuma na juye ta cikin Hausa yadda ta zo, na kai abin magana baki.

“Jama'a, kada ku damu. Iska ce ta shiga tiyo.”

Makaɗa suka tsaya. Matan da ke gaban layi suka ja da baya, wata ta fizgo ɗanta daga kusa da famfo. Ni kuwa ina ta murmushi irin na wanda ya kwantar wa jama'a da hankali.

Inna Habsu ta ajiye ƙwaryarta. “Mi ka ce, ɗan nan? Iska?”

“E, Inna, iska ce. Ta tare wa ruwa hanya.”

“Ina take?”

Na nuna da hannu. “Tana can bisa tudu, daidai gindin tsamiya.”

Salati ya tashi ta ko'ina. Wani dattijo a bayan rumfa ya ce, “Dama mun hwaɗa! Tsamiyar ga ba a haƙa kusa da ita, yaran ga ba su jin magana.”

Sai a lokacin kaina ya buɗe. Ni fa haifaffen Tasawa ne, kakata ta rene ni, na san abin da tsohuwa ke ji in an ce mata iska, balle a haɗa mata da tsamiya. Amma na tsaya a gaban gari guda, da lasifika, na shaida musu cewa aljana ta shiga ruwansu, har na gwada musu gidanta. Gumi ya gangaro daga cikin hular kwano ya shiga idona. Ina gani matan da ke ƙarshen layi suka fara ɗaukar jarkokinsu suna juyawa, ɗaya bayan ɗaya, suna nufar hanyar tsohuwar rijiya. Na san in suka bar filin nan da wannan labari a bakinsu, ko zuma famfon ya zubo ba mai sake kai baki.

Shef ya matso ya ce a hankali, “Gyara maganarka. Vite, maza.”

Na gyara, Allah ya sani na yi niyyar gyarawa.

“Ku tsaya, don Allah! Wannan iskar ni na san ta. Aikina ne. Shekaru na yi a Yamai ina karatunta.”

Wata mata ta ce da ƙarfi, “Ashe boka ne!”

Hankalina ya gama tashi. Na ga magana ba za ta fisshe ni ba, gara in je in buɗe na'urar ruwa ya zo kowa ya gani da idonsa. Amma ba a barin gaban manya haka kawai, sai an nemi izini. Na juya wajen maigari, na rusuna cikin ladabi, na ce:

“Ranka shi daɗe, a yi mini haƙuri in kewaya bayan tudu in saki iska. Da na sake ta, ruwa zai zo.”

Abin magana yana daidai bakina. Lasifikar da ke bisa bedi ta ɗauki maganar ta kai ta har bayan gari, inda Fulani ke tsaye da shanunsu suna jiran a cika musu kwami. Kuma kamar an haɗa baki da shi, famfon ya zaɓi wannan lokaci ya saki wata doguwar ƙara, ɓurrr, mai ɗan lanƙwasa a ƙarshe. Ba sai na gaya muku da me ta yi kama ba.

Maigari ya ja amawali ya rufe baki, kafaɗunsa na motsi. Ɗaya daga cikin baƙin Tasawa ya sunkuya yana neman abin da bai ɓata ba a ƙarƙashin kujera. Daga nan samari suka fashe, fili ya ɗauka. Ni dai na tsaya riƙe da abin magana ina fatan ƙasa ta tsage in shige da hulata.

Inna Habsu ba ta yi dariya ba. Ta ɗaga hannu, aka ɗan lafa. Matan da suka juya suka tsaya a bakin fili, jarkoki a hannu, ba su tafi ba kuma ba su dawo ba.

“Tsaya, yaro,” in ji ta. “Hwaɗa mini gaskiya tsakaninka da Allah. Iskar ga da kake magana, irin ta tsamiya ce ko irin ta wake?”

Ina da amsa ta injiniyoyi, mai kyau, wadda za ta nuna wa Shef da baƙin Tasawa cewa ba a banza na yi karatu ba. Har ta zo mini baki. Sai na dubi matan can na bakin fili, na ga duk ni suke kallo. Amsar injiniyoyi ba za ta dawo da ko ɗaya daga cikinsu ba, kuma na riga na ga inda iya maganata ta kai ni.

Na ce a cikin lasifika, “Irin ta wake ce, Inna. Cikin tiyon ne ya kumbura.”

“To tahi ka taimake shi, bawan Allah. Kumburin ciki ba daɗi.”

Ban taɓa yin tafiya mai tsawon wannan ba, alhali tudun ga shi nan ana hango shi. Na ratsa fili da makulli a hannu, yashi na cika mini takalmi, gari guda na kallon bayana. Makaɗa (Allah ya isa) suka samo wani kiɗa daidai takuna. Na isa gindin tsamiya, na durƙusa, na buɗe murfi, na kwashe yashin da ya toshe na'urar, na kwance ta. Iskar ta fito da ƙarfi, da ƙara, har filin buki aka ji. Wani ya ɗaga murya daga can, “Sannu, Injiniya! An samu sauƙi?”

Na kasa kunne wajen fili. Can sai na ji guɗa.

Ko da na dawo ruwa na zuba da ƙarfi, amma ba wanda ya tara. Kowa Inna Habsu yake jira. Ta kai ƙwaryarta ta tara, ta ɗaga ta dubi ruwan, ta kai hanci ta shinshina, ta daɗe tana shinshinawa don dai ta ƙarasa ni.

“Ba wari,” in ji ta. Ta yi bismilla ta kafa kai ta sha, ta miƙa wa ta kusa da ita.

Matan bakin fili suka dawo da gudu, har da rigimar wa ta riga wa a layi. Na samu gefen rumfa na zauna a ƙasa.

A mota muna tafe da Shef har muka hango Tasawa. Sannan ya cire tabarau ya goge idonsa, ya ce, “Aiki ya yi kyau. Amma in za ka ba da labarin a ofis, ba da shi da faransanci.”

Ba sai na ba da shi ba, direba ya riga ni. Yau shekaru ke nan, na gina shato a garuruwa da dama, an ƙara mini girma, har ina da ƙananan injiniyoyi a ƙarƙashina. Amma ko makon jiya, a tsakiyar kasuwar Tasawa, ina tare da surukina, wani mai amalanke da ban taɓa gani ba ya ɗaga mini hannu cikin murna ya ce, “A'a, Injiniya Mai Sakin Iska! Ana ta shan ruwa, wallahi!” Na amsa gaisuwar, don ba ni da yadda zan yi. Surukina bai tambaye ni ba, ni ma ban yi masa bayani ba.

Darasin da nake koya wa yarana a wurin aiki ba shi da tsawo. Duk iskar da za ka saki, ka sake ta tun da safe kafin baƙi su iso. In kuma ka makara, to aƙalla ka ajiye abin magana.