Butar Hajiya da Kaftin

Ko na manta komai na zaman jami'a, ba zan taɓa mantawa da ranar da wankin buta ya tona mini asiri ba.

Ina aji biyu na kama ɗaki kusa da Tina Junction, a gidan wata dattijuwa da muke kira Hajiya. Samun ɗaki da rijiya a tsakar gida ba ƙaramar sa'a ba ce a Jos. Sharaɗinta guda ne: ba ta yarda da kare ba, ko a ƙofar gida. Na ce mata ni da kare ai sai dai kallo daga nesa.

Wata biyu kacal abokina Dung na Vom ya nuna mini 'ya'yan karyarsu. Na ɗauki wani ɗan ja mai farin goshi don in shafa kawai, sai ga shi a jakar littattafaina (har yau ban san ina hankalina ya tafi ba). Na sa masa suna Kaftin. In zan tafi lacca sai in ƙure rediyo in kulle ɗaki. Hajiya har yabona take yi wai ina son labarai.

Ran wata Asabar da azahar na manta ƙofa a buɗe. Ina leƙowa na ga Kaftin ya tura baki cikin butar alwalar Hajiya yana sha hankali kwance. Na sure shi na jefa ɗaki, ba wanda ya gani. Da na yi shiru, shi ke nan.

To, amma karatun Islamiyya ya hana ni sakat. Yaya zan bar baiwar Allah ta yi alwala da ragowar kare? Na tsuguna bakin rijiya, na ɗebi ƙasa na dirje butar, na shiga ɗauraye ta ina ƙirgawa (a fili kuwa, don wauta).

Ina cewa bakwai na ji murya a bayana.

"Ɗan nan, abu ɗaya ne ake wa wankin bakwai da ƙasa. Yana ina?"

Na fara kame-kame wai tsafta ce kawai. Kaftin ya amsa mata daga ɗaki, a gaban 'yan haya uku masu jiran guga. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Na riga na fara tunanin inda zan kai katifata.

Hajiya ta karɓi butar ta jujjuya ta. Ta ce da na bari ta yi alwala da ita, ranar zan bar gidan. Tunda na wanke, ni in zauna, shi ya tafi kafin magariba.

Na mayar da shi Vom, ina ta share ido a mota. Har na gama jami'a Sau Bakwai ake kirana a gidan. Abin da na koya shi ne, in ka san zuciyarka ba za ta iya ha'inci har ƙarshe ba, kada ka fara. In kuwa ka fara, ka riƙa ƙirga a zuci.