Kwamfutar da Aka Toshe wa Hanci

Jiya na raka kawuna ofishin tantance 'yan fansho, ya je ya nuna wa hukuma cewa bai mutu ba. Shekara talatin da biyar yana riƙe da alli a aji, yanzu sai kwamfuta ta ɗauki hotonsa kafin a yarda yana numfashi. Kuma jiyan ce ranar ƙarshe, wanda ba a ɗauka ba a soke sunansa.

Sai wajen ƙarfe ɗaya layi ya zo kanmu. Akawun, wata baiwar Allah mai tabarau, ta ce Kawu ya kalli kyamara. Ya gyara hula, ya yi murmushi, kwamfutar ta sandare. Rabin fuskarsa a allon, sauran rabin zane-zane kore da ja. Akawu ta kashe ta kunna, abar ta sake sandarewa. Ta ce ai kullum haka ne, in ta ɗauki mutum huɗu sai ta suma, sai an yi mata fifita da fayil. Wallahi raina ya ɓaci.

Aka kirawo mai gyara daga shagon da ke ƙasan bene. Ya ce wataƙila manhajar da ke sarrafa hoton allo ce ta tsufa. Ya sabunta ta, shiru. Ya mayar da tsohuwar, shiru. Da ya taɓa gefen kwamfutar sai ya janye hannu, zafi kamar dutsen guga. Ya kifa ta.

Jama'a, me za mu gani? Ƙatuwar sitika, hoton Mai Girma Uban Rabon Alheri, wanda ya raba kwamfutocin nan bara da kiɗa da tafi, an liƙe shi ɗam a kan ramukan da fanka ke shan iska. Madalla da wanda ya zaɓi wurin. Duk faɗin murfi bai yi masa ba, sai hanci.

Mai gyara ya ce a ɓare kawai. Akawu ta dafe ƙirji, ta ce ita 'ya'yanta uku. Shugaban sashe ya fito yana gyara babbar riga, ya ce sai an rubuta takarda sama, dama ya tura biyu yana neman sababbin kwamfutoci. Mai gyara ma ya zuba hannu a aljihu, wai shi ƙusoshi ya iya kwancewa.

Kawu ya matso ya ƙura wa hoton ido.

"'Yata, shi wannan an tantance yana raye?"

"Haba Baba, ai Mai Girma ne."

"To shi ba ya bukatar iskar nan. Ni nake bukata."

Ya sa farce ya ɗaye sitikar tas, ya miƙa wa shugaban sashe da hannu biyu, cikin ladabi. Fanka ta ja numfashi. Kafin minti goma an ɗauki Kawu, kunnuwansa biyu cif, aka ci gaba da tsofaffi talatin da ke bayansa ba tare da fifita ba.

Yau da safe maƙwabcina mai wanki da guga yake gaya mini an kafa kwamitin binciken wanda ya taɓa fuskar Mai Girma, kuma an ba kowane ɗan kwamiti sabuwar kwamfuta, da sitikarta a inda aka saba. Allah ya sa rahoton nasu kada ya wuce shafi huɗu.