Zakara Mai Tarbiyya

Ko da me zan manta a rayuwata, ba zan taɓa mantawa da Juma'ar da na durƙusa gaban surukina a unguwar Kado ta Abuja ina kare mutuncin wani zakara ba. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, kuma rabin haushin na kaina ne.

Surukina, wanda muke kira Baba, tsohon ma'aikaci ne da ya yi ritaya, ba shi da abin so irin kajinsa. Ba kajin gidan gona ba, kajin Fulani na asali, dogayen nan masu faɗin ƙirji, waɗanda ya taho da irinsu daga Katsina tun yana da ƙarfinsa. Wata damina annoba ta shiga akurkinsa ta share su, ta bar masa tsohuwar dakwalwa guda. Baba ya rage magana, ya rage cin abinci. Matata, Maman Ummi, kullum ta dawo daga gaishe shi sai ta zauna ta yi tagumi.

Ni kuwa dama akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Tun da na auri 'yarsa Baba bai taɓa faɗa mini baƙar magana ba, amma na san kallon da yake mini: ɗan ofis, wanda ko ƙusa bai iya bugawa ba. Sai na ce wannan ce damata. Ni zan dawo masa da irin kajinsa.

Na duƙufa kallon bidiyo a waya har na ji na zama gwani. (Allah ya isa tsakanina da wayar nan.) Wani abokin aiki ya haɗa ni da wani mai kiwo a Karmo, Oga Danladi, wai shi kaɗai ya rage da jinin Fulani zalla a Abuja. Ranar Asabar na bar Gwarinpa da farar shadda, na ajiye mota a bakin titi, na bi lunguna ina tsallake kwata har na isa.

Ina shiga na gan shi. Wani jan zakara ne ƙato, an ɗaure shi a inuwar mangwaro, gashinsa sai sheƙi yake. Na durƙusa na duba ƙafafu, na taɓa ƙirji, na buɗa fukafuki, ina gyaɗa kai kamar likita. Abin da ya fi burge ni shi ne natsuwarsa. Tsawon zamana a gidan bai yi cara ba, bai tsare kowa da faɗa ba. Kaji suna ta wucewa ta gabansa, ko ɗaga ido bai yi ya dube su ba.

Na ce, "Kai, wannan zakara akwai tarbiyya!"

Oga Danladi ya washe baki. "Oga, ka san kaya. Wannan ba ya wahala. Ko a estate na masu kuɗi ka aje shi, maƙwabci ba zai ji komai ba."

Ana cikin haka wani ƙanjamammen zakara, wuyansa tsirara ja wur kamar an fige shi, ya biyo wata kaza a guje, ya bi ta kan takalmina ya bar mini shaida. Na kai masa shuri, na ce me wannan ƙazamin yake yi a nan? Oga Danladi ya ce na maƙwabta ne, shigowa kawai yake yi. Na ɗauki jan zakaran bidiyo ta kowane ɓangare, na biya kuɗin da ba zan faɗa ba saboda Maman Ummi tana iya karanta wannan, aka jera mini ƙwai cikin dusa a kwali. A hanya tafiyar hawainiya na yi, masu mota suna ta zagina.

Aka yi sa'a dakwalwar Baba ta fara kwanci. Na kai masa ƙwan, ya karɓa da hannu biyu, ya ɗaga ɗaya ya duba a hasken rana, sannan ya yi mini tambaya guda.

"Baban Ummi, ka ga uban?"

Na ce, "Da idona, Baba. Har taɓa shi na yi."

Bai ƙara ba, ka san kunyar surukai. Amma a ranar ya ci tuwo har ya nemi ƙari, kuma duk wanda ya zo gaishe shi sai ya ji labarin surukinsa da ya nemo masa iri. Ni kuwa kaina ya kumbura. A ofis har shawara nake ba mutane kan kiwo.

Ranar wata Juma'a Maman Ummi ta kira ni ta ce an ƙyanƙyashe, Baba ya ce in biyo bayan masallaci. Na tambaye ta yaya suke, ta ce, "Kai dai ka zo." (Da ina da wayo, daga nan zan gane.)

Na tarar da Baba a ƙofar gida kan tabarma tare da abokansa dattawa, cikinsu har da Alhaji Mamman, wani mai shago ɗan Zariya wanda bakinsa ba ya da linzami. Na cire takalmi na durƙusa na gaishe su. Baba ya jawo kwando ya buɗe. 'Yan tsaki ne lafiyayyu suna ta tsiyau-tsiyau, amma fiye da rabinsu wuyansu tsirara, ja wur, ko gashi ɗaya babu.

A nan ya kamata in yi shiru. Ban yi ba. Na gyara murya na ce ai haka jinin asali yake farawa, gashin daga baya yake fitowa. Alhaji Mamman ya ce shi dai da furfurarsa bai taɓa jin haka ba. Raina ya ɓaci, na zaro waya na ce to ga uban nan su gani da idonsu.

Baba ya sa tabarau. Ya kalli bidiyon, ya ce in maimaita masa. Ya matso da wayar kusa da fuskarsa, ya nuna wani yatsa karkatacce a ƙafar hagun zakaran.

"Ikon Allah," in ji shi a hankali. "Ai Jatau ne."

Na ce, "Na'am, Baba?"

"Nawa ne. Kafin annobar na sayar da shi, azumin da ya wuce." Ya cire tabarau, ya kawar da kai gefe don kada mu haɗa ido. "Tun yana ƙarami na sa aka fiɗiye shi, don ya yi ƙiba."

Sai Alhaji Mamman ya ce, "Yaro, da ka je, ka ji ya yi cara?"

Ni da bakina, jama'a, ni da bakina na ce, "A'a, Alhaji, ai yana da tarbiyya."

Dattawan nan suka fashe. Wani har ya kwanta a tabarma, hularsa ta gangara kwata. Alhaji Mamman yana share hawaye yana cewa, "Tarbiyya! Wallahi kuwa, an ba shi tarbiyya!" Baba kaɗai ne bai yi dariya ba, kuma wannan ya fi yi mini ciwo. Ya rufe kwandon ya ce, "Ba komai, Baban Ummi. Rai ne, Allah ya raya su." Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige ban waiwayo ba.

Washegari na koma Karmo ina huci. Jatau na nan a inuwarsa yana jiran wani wawan. Ƙanjamammen nan kuwa yana bisa katanga yana cara, sai ka ce shi ya gina gidan. Na zazzage wa Oga Danladi duk abin da ke cikina. Mutumin nan ko gezau.

"Oga, ƙwai ya fashe ko bai fashe ba? Ya fashe. To mene ne wahala? Kaza kaza ne."

Kaza kaza ne! Mutum ya sayi zakaran surukina, ya ɗaure shi a inuwa, ya sayar mini da 'ya'yan wani ɗan iska da sunansa, sannan ya dube ni ya ce kaza kaza ne. Na juya na kama hanya. Wajen fita kuma na taka kashin kaji.

Baba bai yar da tsakin ba. Ya raine su har suka girma, ga su nan sun cika masa gida da tsiraicin wuyansu, kuma duk unguwar ana kiransu kajin Baban Ummi. Irin Fulaninsa dai ya tafi, dakwalwar ba ta sake kwanci ba. Bai taɓa tayar mini da zancen ba, sai dai duk ranar da na je gaisuwa yakan sa a yanka guda a dafa mini, ya zauna yana kallona har in cinye.

Yanzu in wani ya ce mini zai sayi ƙwan ƙyanƙyasa, shawarata ɗaya ce. Ka ƙyale wanda aka ɗaure maka a inuwa yana sheƙi. Ka nemi wuri ka zauna, ka ga wanda yake bin kajin a guje, ko da ta kan takalminka ya bi. Shi ne uban.