Dattijuwa Ta Rasu a Kan Katifa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda kuma har yanzu take tafasa, Mai Zane, wanda ke zana wa mutane taswirar gidaje a shagon da ke ƙarƙashin benen masu ɗinki, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, har da maƙiya, rasuwar kwamfutarsa da aka fi sani da Dattijuwa. Ta ce ga garinku nan ranar Talata, a kan katifar ƙanin matarsa, nesa da teburin da ta yi wa hidima duk rayuwarta.

Marigayiya ba ta da sauri, kuma ba ta taɓa yin ƙaryar tana da shi ba. In an kunna ta da safe sai ta yi gyaran murya, ƙirrr, ta ce tirin-tin, sannan ta ba mai ita damar share shago da goge tebur kafin ta buɗe ido. Amma in ta kama aiki ba ta saki. A cikinta aka zana rabin gidajen sabuwar unguwa, har da na likitan nan da ya yi ta yawo da ɗakin girki daga gabas zuwa yamma, ba ta taɓa ɓata rai ba. Murfinta sai an tokare shi da bango, batirinta ya daɗe da yin ritaya, amma ita ta ciyar da gida, ita ta kai yara makaranta.

Asalin ciwonta daga waje ya zo. Akwai wasu kamfanoni biyu masu ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta, Mai Zane yana kiran ɗaya Zomo ɗaya Barewa, don ba su da aiki sai tsere. A cikin kowace ƙwaƙwalwa akwai 'yan mitsi-mitsin makunnai da ake kira tiransisto. In Zomo ya ce nasa sun fi sauri bana, kafin ka ce kwabo Barewa ya fito da waɗanda suka fi su. Masu haɗa manhaja kuma, da sun ga an samu jaki mai ƙarfi sai su ƙara kaya. Tsofaffi irin Dattijuwa ke nishi a ƙarƙashin kayan, masu hannun jari na gefe suna tafi.

Cikin masu tafin akwai ƙanin matar Mai Zane, wanda a gida ake kira Ɗan Jari. Tun da ya sayi hannun jari a kamfanin Zomo ya daina gaisuwa irin ta mutane. In ka ce masa ina kwana, sai ya ce maka Zomo ya tashi. Yana cin abincin yayarsa, yana shan iskar fankar yayarsa, yana kuma yi wa mijin yayarsa lacca kan yadda zamani ya wuce ya bar shi.

Ranar da abin ya faru Mai Zane ya fita auna fili, ya bar Dattijuwa a gida tana hutawa. Sai labari ya bazu cewa Barewa zai fito da sabuwar ƙwaƙwalwa. Hankalin Ɗan Jari ya tashi, fuskar wayarsa ta yi wa fargabarsa kaɗan. Ya ɗauko baiwar Allah ba izini, ya ɗura mata wata ƙatuwar manhajar kallon hawa da saukar jari, irin wadda aka yi don 'yan yayi, ya kuma ɗora ta a kan katifa inda bargo ya toshe mata hanyar shan iska. Ta yi kuka. Fankarta ta ce fuuu, ta koma wiii, ta dawo ƙar-ƙar-ƙar. Ya ji da kunnensa, sai ya tashi ya rufe ƙofa don kada ta dami mutane. Uwargida ce ta fara jin ƙauri, ta ruga ɗakin girki tana zaton tukunyarta ce. Kalmar marigayiya ta ƙarshe ita ce ɗis.

Mai Zane yana so jama'a su sani cewa ya so yin haƙuri, har sai da ya ji ta'aziyyar wanda ya yi kisan. "Haba Yaya, ai taimakonka na yi," in ji Ɗan Jari. "Ka sayi sabuwa mai ƙwaƙwalwar Zomo, kai ka huta, ni ma jarina ya ɗan motsa." Nan take Mai Zane ya yi rantsuwa. Sayen wata dole ne, ga masu gini suna jira, amma ko ƙwandala tasa ba za ta bi ta bayan gida ta faɗa aljihun wannan yaro ba. Ya sa takalmi zai je ya sayo ta Barewa, don haushi. A bakin ƙofa uwargida ta tare shi, murya ƙasa-ƙasa. "Maigida, kada ka wahalar da ƙafarka. Ai ƙanin nawa ya sayi hannun jarin Barewa ma, wai ko wa ya ci tseren da shi za a raba." Mai Zane ya cire takalmin ya zauna, bai ci abincin rana ba.

Marigayiya ta bar caja ɗaya mai ɗaurin salatif a wuya, da linzamin kwamfuta mai jan ƙafa, da firinta wadda ba ta jin maganar kowa sai tata, yanzu tana lungu ta ƙi kula takarda.

Za a yi jana'iza ranar Asabar a rumfar mai gyara da ke ƙarshen layin masu wayoyi. A can za a buɗe ta a ciro ma'ajiyar zane-zane, wadda aka tabbatar tana da rai. Ɗan Jari ne zai ɗauki gawa, a ƙafa, cikin rana, shi ne kuma zai ɗauko magajiyarta, wato kwamfutar da za a saya a rumfar, ya kawo ta shago. Magajiyar sa'ar marigayiya ce, 'yar gwanjo, ta ma ɗan fi ta nawa, kuma sayenta ba zai ƙara wa Zomo ko Barewa komai ba. Ba a buƙatar 'yan ta'aziyya masu shawarar sayen sabuwa. Kafin a biya, mai gyara zai tsaya gaban shaidu ya rantse cewa Ɗan Jari ba shi da hannun jari a rumfarsa.